Jan Layin Zulfa

Shekara shida da rasuwar matata Zulfa, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata don ya tambayi wani abu nata. Masu ta'aziyya sun zo a makon farko, sun sha shayi, sun yabi haƙurinta, sun tafi. Suka bar ni a hawa na huɗu a unguwar Madinat Nasr da littattafai kusan dubu uku da ciwon gwiwa. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin fassara, ina kwashe maganganun manya daga wannan harshe ina zubawa a wancan, ban taɓa ƙara musu ma'ana ba tunda ba su zo da ita ba. Da na yi ritaya ban koma gida ba. Kabarin Zulfa yana nan Alƙahira, kuma a Gumel duk wanda zai gane ni ya riga ni tafiya.

Ranar wata Talata da hantsi aka ƙwanƙwasa. Wata mata ce mai kimanin shekara arba'in, da lulluɓi irin na Sudan, tana haki saboda matakala.

"Salamu alaikum. Kai ne Baba Abdurrahim, mijin marigayiya Zulfa?"

"Ni ne abin da ya rage."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce sunanta Amna, daga Hillat Zubairu suke, yaƙi ya koro su, yanzu ita da mahaifiyarta suna ɗaki ɗaya a unguwar Ainu Shams, nan Alƙahira. Da na ji sunan garin sai na matsa na ba ta hanya.

Hillat Zubairu garinsu Zulfa ne, wani ƙauye a bakin Kogin Nilu can Sudan. Hausawa ne suka kafa shi, mutanen da suka taso da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare a hanya, suka tsaya noman auduga na shekara ɗaya. Jikokinsu na can har yaƙin nan ya zo. A 1978 Zulfa tana karatun digiri a nan, ta koma gida da littattafan rubutu, ta bi gida ɗari shida ɗaya bayan ɗaya tana tambayar tsofaffi daga ina suka taso, wace shekara, da sunan uba. Tambaya ce da ba a so. Da yawansu sun ɓoye asalinsu har ga 'ya'yansu, don kada a ce musu baƙi, a hana yaran takardar zama ɗan ƙasa. Abin da ya buɗe bakinsu alkawari ne. Zulfa ta ce za ta mayar da maganarsu huji a jikin kati, wanda injin kwamfuta kaɗai ke karantawa, sannan ta ƙone littattafan. Ta cika alkawarin, ina tsaye ta ƙone su a kan rufin gidan da muke haya. Daga baya malaminta ya sami aiki a wata ƙasa, aka kwashe injin katin daga cibiyar kwamfutar jami'a, aka haifa mana yara, digirin ya mutu. Katunan suka zauna a aljihun ƙarfe guda biyu a kan kabad. Ni ina kiransu gadon Zulfa, kuma ba da yabo nake faɗa ba.

"Kakana Hussain marini yana cikin waɗanda ta tambaya," in ji Amna. "Har ya rasu bai gaya wa kowa garinsu ba. In an tambaye shi sai ya ce daga yamma. Yanzu Yumma, wato mahaifiyata, zuciyarta ta kumbura, likita ya ce a riƙa lallaɓa ta. Ba ta da magana sai ɗaya, tana so ta ji sunan garin ubanta kafin ta tafi."

"Zulfa ta yi alkawarin ba wanda zai gani."

"Baba, wa ya rage a ɓoye wa? Shi ya rasu. Garin an watse. 'Yarsa ce ke tambaya."

Sai na fake da cewa injin da ke karanta irin wannan kati ya ƙare a duniya tun kafin ta yi wayo.

"Akwai ɗaya a Wustul Balad, can tsakiyar birni," ta ce. "A saman asibitin da nake aiki. Na riga na yi wa mai shi magana."

Ranar Alhamis muka sauko da aljihunan, mai gadi ya taya mu, muka sa a tasi. Mai injin sunansa Mazin, Bamisire ne, injiniya, ya ba hamsin baya, kansa ba gashi ko ɗaya. Ɗakinsa cike yake da matattun na'urori da ya tsinto daga wurin masu gwangwan. Wasu ya tayar da su, wasu yana jiran ranarsu. Injin karanta katin yana kan tebur, girmansa kamar ƙaramin firji da aka kwantar, da wata waya da ya haɗa da hannunsa zuwa kwamfutar zamani.

"Ahlan ya Ustaz. Ka ga na'urar? Ta girme ni da shekara biyu, kuma ta fi ni lafiya, ban da robarta."

"Duk wanda ya kai shekarunmu akwai robar da ta lalace masa, ya Bashmuhandis, babban injiniya."

Ya yi dariya har da buga tebur. Sannan ya jawo aljihun farko, ya tsaya. Bai taɓa katunan ba. Ya sunkuya yana kallon samansu, inda suke jere a tsaye a matse kamar shafukan littafi. Akwai wani jan layi da aka ja da alƙalami mai kauri, daga wannan kusurwa ya ratsa a karkace har waccan. Shekara arba'in ina ganin layin nan, na ɗauka ado ne.

"Allah ya ji ƙan hannun da ya ja wannan," in ji Mazin. "Matarka ta san aiki. Da, duk mai hankali haka yake yi. In katunan suka zube a ƙasa suka cakuɗe, layin ne zai nuna maka jerinsu. Kowane kati yana ɗauke da ɗigonsa. In ɗaya ya bar wurinsa, layin zai karye."

Ya ɗauko gilashin ƙara girma. Ya bi layin a hankali, sai na ga ya daina murmushi.

"Ya karye. Nan. Da nan. Ga wani kuma." Ya ɗago. "Ba zubewa suka yi ba, da sun zube da layin ya watse gaba ɗaya. Wani ne ya riƙa zare ɗaya-ɗaya daga tsakiya. Kuna da yara masu ɓarna?"

"Sun girma," na ce. Na juya ina kallon wata tsohuwar na'urar buga rubutu kamar ina da sha'awarta.

Ya ce a fara karanta abin da ke nan. Ya goge robar da ke jawo katin da auduga, yana ce mata ta yi haƙuri. Robar ta fara narkewa da tsufa, in ta liƙe wa kati za ta yaga shi, kuma ba a sayar da irinta ko'ina. Ya ɗebi katunan dunƙule-dunƙule, ya kaɗa su da yatsa don iska ta shiga tsakaninsu, ya zuba a bakin injin. Da ya kunna na'urar sai ta yi gurnani, ta fara hura iska, sannan katunan suka riƙa wucewa da ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. A fuskar kwamfuta haruffa suka fara saukowa. Sunaye ne. Na ga ADAMU, na ga TANKO, na ga KANDE. Mutanen da suka mutu tun ina saurayi, suna fitowa layi-layi a wani ɗaki a Wustul Balad. Sau huɗu injin ya cije, sau huɗu Mazin ya buɗe shi ya zaro katin da ɗan hantsaki, ko ɗaya bai yage ba. Muka kai har bayan azahar.

Tsarin Zulfa mai sauƙi ne da zarar ka gan shi. Kowane gida kati uku. Na farko lambar gida da sunan maigida da sana'arsa. Na biyu garin da ya taso da shekara da sunan ubansa. Na uku sunayen 'ya'ya. Amna ta tsaya a bayan Mazin tana bin allon da yatsa.

"Ga shi! Gida na ɗari biyu da sha huɗu. Hussain, marini. Ga Yumma, Juwairiyya. Ga kawuna Munzir. To ina garin?"

Mazin ya duba, ya sake dubawa. Daga katin farko sai na uku. Na tsakiya babu.

Ya ƙirga duka giɓin da ke cikin jerin, arba'in da huɗu. Sannan ya faɗi abin da ya fi muni. Zulfa ba ta sa lambar gida a kati na biyu da na uku ba. Da gangan ta yi, don in kati ya faɗa hannun da bai kamata ba, ba za a san na wa ne ba. Matsayinsa a jeri shi kaɗai ke nuna mai shi.

"Ko da an samo su, ɗigon ja zai nuna mini unguwar, ba zai nuna mini gidan ba," ya ce. "A kusa da na kakanki akwai giɓi uku, duka katin gari ne. Zan iya ba tsohuwa garin maƙwabcinsu, ta tafi da shi. Ni ba zan yi wannan ba."

Amna ta zauna a kan wani akwati. Ba ta yi kuka ba, ta dai naɗe bakin lulluɓinta a yatsa tana warwarewa. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi.

"Ni ne," na ce.

Suka dube ni.

"Ni na zare su. Alamar shafi nake yi da su."

Duk mai karatu ya san wahalar samun alamar shafi ta kirki. Takarda tana lanƙwashewa, tsinke yana ɓata littafi. Katin Zulfa kuwa ga ƙarfi, ga sirantaka, ga kusurwa ɗaya a yanke da ke leƙowa daidai yadda ake so. Na fara ne wata rana da na rasa abin sawa. Kuma don ina ganin ni mai wayo ne, ban taɓa ɗauka daga gaba ko baya ba, inda za ta lura. Daga tsakiya nake zarewa. Shekara talatin da wani abu ina yi.

Mazin ya cire tabaransa, ya goge, ya mayar.

"Ya Ustaz, na ga katin da ɓera ya ci. Na ga wanda ruwa ya jiƙa, na ga wanda aka kunna murhu da shi. Yau na fara ganin wanda ilimi ya cinye."

Na cancanci wannan.

"Suna cikin littattafan har yanzu?" in ji Amna.

"Ban taɓa yar da littafi ba."

"To yalla, mu tashi, Baba. Mu nemo su tukuna. Sauran a bar wa Allah."

Na ce mata ta koma wurin mahaifiyarta, wannan aikin nawa ne. Washegari bayan sallar Juma'a na fara daga kantar da ke kusa da taga. In ɗauko littafi, in riƙe shi ta baya, in kaɗa. Ƙura ta sa ni atishawa har haƙarƙarina ya yi ciwo. Rasiɗin wanki ya faɗo, da busasshen ganye, da hoton wani abokin aiki da ban so ba tun yana da rai. A littafi na sittin da wani abu kati ya faɗo, ya kifa a ƙasa. Na sunkuya da ƙyar na ɗauka.

Akwai rubutu a bayansa, da fensir. Ƙananan haruffa masu karkata hagu, waɗanda zan gane ko a cikin dubu.

"Gida 88, kati 2. Na bar maka shi, kada shafinka ya ɓace."

Na zauna a ƙasa inda nake. Na daɗe a nan.

Ashe ta sani tun daga farko. Duk Alhamis takan goge kantocin littattafaina, ni kuma ina mitar tana canza musu wuri. Zulfa tana karanta huji da ido yadda wasu ke karanta jarida, kuma gida ɗari shidan nan duk suna kanta. In ta tarar da katinta a littafina, sai ta ɗaga shi a haske, ta gane na wane gida ne, ta rubuta a baya, ta mayar da shi shafin da ta same shi. Ba ta taɓa ce mini uffan ba. Ni kuwa da nake taƙamar babu rubutun da ya wuce ni, ban taɓa juya katin na ga bayansa ba.

Kwana uku na yi ina kaɗa littattafai. Yawancin katunan lamba ce kawai a bayansu. Wasu ta ƙara magana. A wani littafin falsafa mai kauri ta rubuta, "Gida 301, kati 3. Shekara huɗu kana shafi na arba'in." Gaskiya ta faɗa, har yau ina nan. A wani kuma, "Gida 17, kati 1. Wannan maigida ne guda, ka riƙe shi da mutunci." Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, na ji muryata ta yi mini baƙo.

Ranar Lahadi da la'asar na jera su a kan tebur. Arba'in da uku. Na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Babu gida na ɗari biyu da sha huɗu.

Amna ta kira a waya. "Baba, yaya?"

"Saura ɗaya."

"Namu?"

"Naku."

Ta ce, "Ma'alish, ba komai. Ka yi ƙoƙari." Daga bayanta ina jin tarin tsohuwa.

Na san inda yake. Tun ranar Juma'a na sani, ina ta kewaye shi. Akwai wani littafi mai koren bango, tarihin madatsun ruwa da noman rani, wanda ba ya kan kanta. Yana cikin jakar da muka je asibiti da ita, jakar kuma tana ƙasan kabad, ban buɗe ta ba shekara shida. Ranar da za a kwantar da Zulfa, tana ɗaki tana haɗa kayanta, ni na hau kujera na zari kati don kada in rasa alamar shafi a ɗakin jira. Matata za ta shiga asibitin da ba za ta fito ba, ni abin da ya dame ni ke nan. Kwana goma sha tara na zauna a gefen gadonta da littafin nan. Da likita ya fito ya yi mini magana, na rufe shi, ban sake buɗewa ba.

Na jawo jakar. Silifas ɗinta na ciki, da carbinta, da kwalbar man zafi da ya daskare. Na ɗauko littafin, ya buɗe da kansa a inda katin yake. A ninke yake biyu, ni na ninke shi a wata ranar da hannuna ya rasa abin yi. Na buɗe, na juya bayansa.

Rubutun ya yi rawa, haruffan sun fi na da girma. Ta yi shi ne a kan gadon, wataƙila sanda na sauka sayo magani.

"Gida 214, kati 2. Wannan karon ka mayar da shi."

Ranar Litinin tun da safe ina ƙofar Mazin. Ya karɓi katunan, ya juya na farko, ya karanta, ya juya na biyu. Bai yi ba'a ba. Ya ce, "Ustaz, ka auri wadda ta fi ka."

"Na sani. Sai dai na makara da sanin."

Ya saka arba'in da ukun a na'urar, tana ta ƙorafi amma ta karanta su. Na ƙarshen ya ƙi.

"Wannan ninkin zai kama a roba, ta yaga shi gida biyu. Da ido za a karanta." Ya kwantar da katin a kan wani gilashi mai fitila a ƙasa, hujin suka yi haske. Ya miƙo mini wata tsohuwar takarda mai jadawalin haruffa. "Kai ne mai karatu. Bismillah."

Ya nuna mini yadda ake yi. Katin yana da layuka a tsaye guda tamanin, kowane layi harafi ɗaya. Harafi kuma huji biyu ne, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa a kan wata lamba. Amna ta hau daga asibiti da rigar aikinta, ta tsaya a gefena da biro.

Huji a can sama, da huji a kan biyu. Na bi jadawalin da yatsa. "B."

Can sama, da ɗaya. "A."

Na ukun irin na farko ne. Na huɗun ya faɗa daidai kan ninkin, sai da Mazin ya danne katin da gefen rula na ga hujin, sifili da huɗu. "U." Na biyar na yi kuskure, na ce Q, Mazin ya ce in sake ƙirgawa, ba takwas ba ne, tara ne. "R." Sannan "A."

Minti ashirin na yi a kan haruffa shida. Ban taɓa karanta wani abu a hankali haka ba, kuma ban taɓa karanta abin da wani yake jira haka ba.

"Babura," in ji Amna. Ta dube ni. "Gari ne? Akwai shi?"

"Akwai shi. Yana nan daram."

Sauran katin ya ba mu shekara, 1929, da sunan uban Hussain, Ɗanladi. Amna ta rubuta a tafin hannunta, ta sake rubutawa a takarda. Ta juya wurin Mazin ta yi masa godiya. Shi kuma ya shiga goge robarsa da ba ta buƙatar gogewa.

Ta ce lallai ni zan gaya wa tsohuwa da bakina. Muka shiga jirgin ƙasan metro zuwa Ainu Shams, wani saurayi ya ba ni kujera, na karɓa ba tare da na yi masa lacca ba. Ɗakinsu yana ƙasa, a wani lungu da tuk-tuk, keke mai ƙafa uku, ke wucewa da ƙyar. Hajiya Juwairiyya tana jingine da matasai uku, ƙafafunta sun kumbura, amma idonta garau.

"Sannu da jiki, Hajiya."

"Yauwa, Malam. Kai ne mijin yarinyar nan mai tabarau?"

Zulfa ta rasu tana da shekara sittin da uku. Na ce ni ne.

"Na tuna ta. Ranar da ta zo gidanmu ni na kai mata ruwa. Abbana ya kore mu duka waje, ya rufe ƙofa, suka daɗe. Na laɓe a taga ban ji komai ba, sai dai na ga yana share ido da hularsa." Ta numfasa. "To, me ya gaya mata?"

"Babura, Hajiya. Daga Babura ya taso, a 1929. Sunan ubansa Ɗanladi."

Ta maimaita sunan a hankali, sau uku, kamar mai ɗanɗana miya. "Babura. Ka san shi?"

"Na taɓa ratsawa ina yaro, ba nisa sosai da garinmu. Arewa da Kano, kusa da iyakar Nijar. Ƙasar rairayi ce. Gero, gyaɗa, wake."

"Gero," ta ce. Sai ta fara dariya, dariyar ta koma tari, Amna ta riƙe ta. "Shi ya sa! Shekara hamsin yana cin kisra, wainar dawar Sudan, yana ɓata fuska. Kullum sai ya ce dawar nan ba ta da rai. Ashe ɗan gero ne." Ta share ido. "Amna, ki gaya wa 'yarki Rayan da ƙannenta. In an tambaye su, su ce Babura. Su faɗa da ƙarfi."

Sannan ta ɗaga hannu ta yi wa Zulfa addu'a. Doguwa ce, rabi Larabci rabi Hausa. Ta roƙa mata haske a kabari, ta ce yadda ta riƙe amanar mutane Allah ya riƙe ta. Ta haɗa da mai injin da ba ta taɓa gani ba. Ta haɗa da ni, ta ce Allah ya saka mini da na adana katunan. Na buɗe baki zan gyara mata, Amna ta girgiza mini kai. Na ce amin. A ta'aziyyar shekara shida da ta wuce an yi addu'o'i da yawa, amma wannan ce ta farko daga bakin wadda ta san abin da Zulfa ta yi.

Hajiya ta ƙara wata biyu da 'yan kwanaki. Amna ta ce har ranar ƙarshe in likita ya shigo sai ta gaya masa ita 'yar Babura ce, shi kuma ya ce tamam, wato ya yi kyau, ya ci gaba da auna jini.

Mazin ya zuba duka katunan a kwamfuta, ya yi kwafi uku, ya ba ni ɗaya a wani ɗan abu da bai kai yatsana ba. Labari ya bazu tsakanin mutanen Hillat Zubairu da ke Alƙahira. Yanzu kusan duk mako sai an ƙwanƙwasa ƙofata. Kowa gidansu kaɗai nake buɗe masa, ba na nuna na maƙwabci, wannan kason na alkawarin Zulfa yana nan. Suna hawa matakala suna haki, suna kawo mini dabino da ba na iya taunawa, suna cinye mini lokacin karatu. Ina mita, amma na sayo ƙarin kofunan shayi.

Ranar da na je ɗauko aljihunan, Mazin ya riga ya mayar da arba'in da ukun wurarensu. Ya bar mini na ƙarshen. Ya danne shi kwana biyu ƙarƙashin wani tsohon injin lissafi har ninkin ya kwanta. Ya raba katunan da yatsa biyu a daidai wurin, ya ce, "Tafaddal."

Na zura shi tsakanin Hussain marini da 'ya'yansa, kusurwar da aka yanke tana fuskantar inda sauran suke fuskanta. Mazin ya matse jerin. Muka sunkuya mu biyu muna kallon samansa. Jan layin ya tashi daga wannan kusurwa ya sauka a waccan, ba inda ya karye.

"Khalas, an gama," in ji shi.

Na dawo gida da koren littafin a aljihun rigata. Na ci gaba daga shafin da na tsaya, na ɗari da tamanin da biyu. Tikitin metro nake sawa a ciki yanzu. Yana lanƙwashewa, yana zamewa, sau biyu ya ɓatar mini da shafi.